Gargaɗi ga mutanen bakin Gulbi: kuskuren dare ɗaya ya isa ya jawo mana yaƙi

Jama'ar Tsibiri, Maraɗi da Jiratawa, da 'yan'uwanmu na Gidan Rumji, Madarumfa da Ɗan Isa, da waɗanda ke tsallaken iyaka a Jibiya, Sabon Birni da Isa: Ina roƙon duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, a majalisa ko a ƙofar masallaci ko a teburin mai shayi. Maganar ta gaggawa ce.

Ƙasashen da ke kewaye da mu suna ta sayen makamai, shugabanninsu suna jifan juna da zargi a rediyo da talabijin, hanyoyin da suke kiran juna da su in an yi kuskure kuma suna toshewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya fito ya ce gobe zai yi yaƙi, kuma na yarda ba wanda ke so. Abin da ke hana ni barci shi ne, yaƙi yakan ɓarke ko ba wanda ya so shi. In kuma ya ɓarke tsakanin Nijar da Najeriya, ko tsakanin ƙawancen AES na Nijar, Mali da Burkina Faso da abin da ya rage na ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, mutanen Yamai da Abuja a rediyo za su fara jin labari. Mu a tsakar gida za mu gan shi.

Ku tuna Nacade. Ranar Juma'a 18 ga Fabrairu 2022, jirgin yaƙin Najeriya da ya biyo 'yan bindiga ya saki wuta a wannan ƙauye na yankin Madarumfa, cikin ƙasar Nijar. Yara bakwai suka rasu, biyar suka jikkata. Gwamnan Maraɗi na lokacin, Shaibu Abubakar, shi ya sanar da duniya, ya kuma ce kuskure ne. Aka yi jana'iza, iyaye suka haɗiye baƙin cikinsu, gwamnatocin biyu suka yi magana a tsakaninsu, wutar ta mutu a nan. Ta mutu ne don a wancan lokaci Yamai da Abuja suna ga maciji, wannan ya kira wancan ya ɗauka. To ku ɗauko wannan jirgi, da wannan ƙauye, da waɗannan yara bakwai, ku ajiye su a yau. Wa zai yarda kuskure ne? Kafin a wanke gawa bidiyo ya zagaye wayoyi, kafin magariba samari sun taru a bakin titi, kafin gari ya waye wani ya ce in ba a rama ba an ci amanar ƙasa. Wanda zai ba da umarnin ramawa shi ma ba lallai yana so ba. Tsoron a ce ya ji tsoro ne zai tura shi.

Mun taɓa leƙa wannan rami, kuma ba da daɗewa ba. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka tsare shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdurahamane Tiani ya karɓi ragama. Ranar 30 ga wata CEDEAO ta zauna a Abuja ta ba da wa'adin mako guda: a mai da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Kashegari Mali da Burkina Faso suka ce duk wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina zuwa Gazawa. Ina nan Tsibiri daren Lahadi 6 ga Agusta da wa'adin ya cika. Gari ya yi duhu ƙirin, mun zagaye rediyon wani mai shayi, fitilar waya ce kawai ke haska kofuna. Babur ya wuce ta kan kwalta sai kowa ya yi shiru ya bi shi da kunne. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda 'yarta ke aure a Sabon Birni, ta fito da tabarmarta ta zauna nesa kaɗan da mu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tambaye ni, "Malam, in suka zo, su waye za su zo?" Na rasa abin da zan ce mata. Jikanta soja ne a can, ɗan ƙanenta kuma jandarma ne a nan.

Allah ya kiyaye, amma kiyayewar ta biyo ta hannun mutane, kuma ya kamata mu riƙe sunayensu. Majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan yaƙin ranar 5 ga Agusta, sanatocin Arewa a gaba, don jihohi bakwai ne ke jingine da mu, daga Kabi har Barno, a kan iyakar da ta kai kilomita 1,500. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka sauka Yamai. Muhammadu Sanusi na biyu ya ga Tiani ranar 9 ga wata tare da Sarkin Damagaram. Tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta biyo baya. Ko da CEDEAO ta ba da umarnin shirya rundunarta ranar 10 ga Agusta, jama'ar ɓangarorin biyu sun riga sun nuna ba su tare da abin. Duk da haka iyaka ba ta buɗu ba sai Maris 2024. Wata bakwai da 'yan kai manyan motoci na jere a Ɗan Isa da Jibiya, kuɗin shinkafa da magani suka tashi, masu lambu a Jiratawa suna kallon kayansu na yaushi a buhu. Wannan fa harsashi ɗaya bai tashi ba.

Akwai abin da ya kamata mu koya daga wa'adin nan. Shugaban da ya tsaya gaban duniya ya ce nan da kwana bakwai, ya ɗaure kansa da igiyar da ya ɗauka abokin gabarsa ya ɗaure. Ranar ta cika, in ya yi shiru a yi masa dariya, in ya motsa a yi jini. Wanda aka ba wa'adin shi ma haka: in ya sassauta, mutanensa su ce ya miƙa wuya. Kowa sai ya ƙara ɗaga murya don ɗayan ya ja da baya, har a kai inda ba sauran wurin ja da baya. Daga nan kuma ƙawance ya shigo. Yarjejeniyar Liptako-Gurma da Nijar, Mali da Burkina suka sa wa hannu ranar 16 ga Satumba 2023 ta ce harin da aka kai wa ɗaya an kai wa duka. An yi ta ne don kare kai, na sani. Amma ma'anarta a aikace ita ce, rigimar da ta tashi a iyakar Mali da Aljeriya tana iya zama tamu a Maraɗi. Mun ga alama a farkon Afrilu 2025, da Aljeriya ta harbo jirgin Mali marar matuƙi kusa da Tinzawaten: ƙasashen uku suka janye jakadunsu gaba ɗaya, alhali Nijar ba jirginta ba ne.

Wani misalin kuma ya faru ne a Disamba 2025. Ranar 7 ga wata wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da shugaban Benin Patrice Talon a Kwatano, Najeriya ta tura jiragen yaƙi suka taimaka aka murƙushe su. Kashegari wani jirgin dakon kaya na sojan Najeriya, da mutum 11 a ciki, ya sauka Bobo-Diyulaso ta Burkina. Najeriya ta ce matsalar inji ce ta tilasta masa sauka a hanyarsa ta zuwa Fotugal. AES ta ce keta sararin samaniya ne, ta kuma sanar da cewa an ba masu tsaron sama izinin kaɓo duk jirgin da ya shigo ba izini. Sai da ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya je Wagadugu aka saki mutanen. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan izini. Yana nufin hukuncin harbi ko ƙin harbi ya sauko daga teburin shugabanni ya koma hannun wani ƙaramin hafsa da ke kallon ɗigo a allon na'ura da tsakar dare, da daƙiƙu kaɗan a hannunsa. Bai san ko jirgin ya ɓata hanya ba ne, ko injinsa ne ya samu matsala, ko 'yan bindiga yake bi. In ya ƙyale kuma aka kai hari, kansa ne. To zai harba.

Jirage marasa matuƙa sun ƙara dagula lissafin. Nijar na da su, Najeriya na da su, Mali da Burkina na da su, galibi ƙirar Turkiyya. Da can kafin a kai hari sai an yi tunanin ran matuƙi da na sojan ƙasa. Yanzu mai latsawa yana zaune cikin ɗaki mai sanyi, abin da yake gani daga sama kuwa taron mutane ne kawai, ba ya bambanta maulidi da sansanin ɓarayi. Haka aka yi a Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disamba 2023, mutum fiye da 80 suka tafi a wurin maulidi. Haka jirgi ya hallaka fararen hula a yankin Silame ta Sakkwato ranar 25 ga Disamba 2024. Waɗannan a cikin gida aka yi su, gwamnati da talakawanta. Ranar da irin wannan ya faɗa tsallaken iyaka, sunansa zai canza.

A wannan rana ta 25 ga Disamba 2024 ɗin ce kuma Janar Tiani ya yi hira da Hausa yana zargin hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa a kan Nijar, har ya ambaci 'yan bindigar Lakurawa. Nuhu Ribadu da sauran jami'an Abuja suka ƙaryata. Ni ba alƙali ba ne a wannan shari'a. Abin da na gani da idona shi ne yadda maganar ta sauka a kasuwa: mutanen da suka shekara talatin suna cin bashin juna suka fara yi wa juna kallon biyu-biyu. A Maris 2025 Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Kowace irin wannan ficewa tana rage yawan hafsoshin da suka san juna da suna, suke da lambar wayar juna. Na yaba da zuwan Janar Christopher Musa na Najeriya Yamai a Agusta 2024, da zuwan Tuggar a Afrilu 2025. Amma ziyarar shekara-shekara ba ta kashe gobarar tsakar dare.

Yanzu ku ɗauki taswira, ko ku fito bakin kwaltar da ta ratsa garinmu ku tsaya. Wannan ita ce babbar hanyar ƙasa ta ɗaya. Ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Gidan Rumji, ta ratsa Tsibiri ta shiga Maraɗi, ta wuce Tasawa, Damagaram har Difa. Kusan duk tsawonta a gefen iyaka take tafiya, a Ƙonni ma taku kaɗan ne. Duk hafsan da ke tsara yaƙi, na kowane ɓangare, wannan zare zai fara kallo: mai kai hari yana son yanke shi don gabas ta rabu da yamma, mai tsaro yana son jibge ƙarfinsa a kai. Inda aka jibge soja kuwa nan ake jefa bam. Kuma abin da mai tsaro ya kira kariya, wanda ke tsallake shirin hari yake gani, sai shi ma ya jibge nasa. Ko ɗaya bai yi ƙarya ba, ko ɗaya bai yi nufin fara ba, amma bindigogi sun matso kusa da juna, ga gonakinmu a tsakani. Layin dogon da aka ɗora harsashinsa a 2021, mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda muke jira ya kawo mana ciniki, a idon mai tsara yaƙi hanyar dakon soja ce.

Mu Gobirawa bai kamata a koya mana wannan karatu ba, don garinmu ma yaƙi ne ya haife shi. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya mutu a cikinta. Sarakunan Katsina da aka kora suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. A 1836 Gobir da Maraɗi da Abzinawa suka haɗa ƙarfi, suna ganin taron dangi zai gama da Sakkwato a karo ɗaya. A Gawakuke Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duka suka kwanta a fagen. Waɗanda suka tsira su suka kafa Tsibiri da Sarki Mayaƙi. Sakkwato ta ci wannan rana, amma ba ta samu hutu ba. Hare-hare suka ci gaba shekara da shekaru, a zamanin Ɗan Baskore dawakin Maraɗi suna kutsawa can cikin ƙasar Katsina da gaba da ita, su ma na can suna ramawa. Ƙasar da ke tsakani ta zama kufai da daji, har Baturen nan Barth da ya bi daga Gazawa zuwa Katsina a 1851 ya tarar ayari na ratsa ta cikin fargaba. Muna alfahari da jaruntakar kakanni, ni ma ina yi, in aka buga tambari jikina yakan tashi. Amma ba a cika ba mu labarin matan da aka kama a gona ba, ko garuruwan da ba a sake ginawa ba. Kuma ƙarshenta, da ɓangarorin biyu suka gaji, gida ya rabu, wasu Gobirawa suka koma Sabon Birni, rigimar sarauta ta raba Maraɗi da Tasawa, sai ga baƙo da bindiga. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta ratso ƙasar nan tana kisa, har sojojinsu suka kashe su a wajajen Maijirgi. Bayan 'yan shekaru Faransa da Ingila suka ja layi a tsakiyarmu, layin da muke tsaye a kai yau muna harara.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sojan Faransa ya fita a Disamba 2023, na Amurka ya bar Agadas a 2024, masu horarwa na Rasha suka iso a Afrilu 2024. Ranar 25 ga Disamba 2025 Amurka ta harba makamai cikin jihar Sakkwato da yardar Abuja, tarkace ya faɗo a gonakin Jabo. Kowannensu da lissafinsa, kuma ba wanda ke da ɗa a makarantar allo a Tsibiri. Ku dubi Sudan tun 15 ga Afrilu 2023: janar biyu, kowanne da masu ba shi makami daga waje, kowanne ya ɗauka kwanaki kaɗan za a yi, ga mutum fiye da miliyan 10 sun bar gidajensu.

Wanda zai ci ribar faɗan gwamnatocin nan mun san shi, don mun daɗe muna biyansa kuɗin fansa. Ɗan bindigar da ke sata a Sabon Birni ya ɓuya a dajin Baban Rafi, ko ya yi sata a Gabi ya tsallaka Zamfara, ba abin da yake so kamar sojojin biyu su daina magana. Tun 2019 dubun dubatar mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina suka gudo yankin Gidan Rumji, aka tsugunar da wasu a Cadakori, Ɗan Daji Makau da Garin Kaka. A Satumba 2019 gwamnonin jihohin uku suka zo nan Maraɗi suka zauna da gwamnanmu a kan tsaro. Irin wannan zama muke buƙata, kuma yau ya fi jiya wuya.

To ga roƙona, kuma daga kanmu zan fara. In bidiyo ya shigo wayarka, an ce sojan wata ƙasa sun tsallako, ko an ce ana kashe 'yan Nijar a Kano, ko 'yan Najeriya a Maraɗi, kada ka tura. Kira ɗan'uwanka da ke garin ka tambaya, ai kana da shi. A Afrilu 1989 rikicin makiyaya da manoma a Diyawara, bakin kogin Sanagal, mutum biyu ya ci da farko. Jita-jita ce ta kai shi Dakar da Nuwakcot, aka yi ta kashe maƙwabta ana wawashe shaguna, aka kwashe dubun dubatar mutane a jirage, Sanagal da Muritaniya suka yi kusan shekara uku ba hulɗa. Baƙon da ke cikinmu, ɗan gudun hijira ne ko ɗan kasuwa ko almajiri, amana ne. Ranar da wani abu ya faru a iyaka, kada wanda ya taɓa rumfarsa, kada wanda ya nuna gidansa. Mu ma namu suna can.

Samari 'yan sintiri, na san abin da ya sa kuka ɗauki bindiga, an gaji. Amma kada ku bi sawun shanu ku tsallaka iyaka da makami. Ku kai wa mai gari, ya kai wa jandarma. Wanda ke sama ba ya gane ku da ɓarayin da kuke bi. In kuma wani ƙarfe ya faɗo a gona, a hana yara zuwa, kada mai gwangwan ya saya, a kira hukuma.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku, mumbari a hannunku yake. Ku da kuke da ɗalibai a Katsina da Zariya, maganarku tana tsallaka inda takardar gwamnati ba ta kai. Masu waƙa da masu shirin rediyo, a rage zuga. Kirari yana da daɗi a kunne, amma mai yin sa ba ya zuwa fage.

Ranka ya daɗe Sarkin Gobir na Tsibiri, ranka ya daɗe Sarkin Katsinan Maraɗi, Allah ya ja zamaninku. Sabon Birni gidanku ne, Katsina gidanku ne. A 2023 rawani ya shiga inda kaki ya kasa shiga. Muna roƙo kada a jira sai an sake ba da wa'adi kafin a yi zumunci; ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga hukumomin Yamai da Abuja kuwa, ba mu ce ku so juna ba, ba mu ce wani ya sauke tutarsa ba. Abu kaɗan muke nema: kwamandan da ke Maraɗi ya kasance yana da layin da zai kira na Katsina da na Sakkwato dare da rana, a sanar da juna kafin jirgi ya tashi kusa da iyaka, in an yi kuskure a faɗa da wuri a biya diyya, zargi kuma a kai shi tebur kafin a kai shi talabijin. Mali da Burkina da ke ƙawance yau sun yi yaƙin kwana biyar a Disamba 1985 a kan yankin Agasher, ƙarshenta kotun duniya ce ta raba musu ƙasar bayan shekara guda. Abin da kotu ta ba su, da sun same shi ba tare da kabari ko ɗaya ba.

Gulbin nan da muke noman rani a bakinsa daga Najeriya yake fitowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shayar da Madarumfa, Jiratawa, Maraɗi da Tsibiri, ya wuce Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima. Duk wanda ke bakinsa, sama ko ƙasa, ya isar da wannan saƙo ga na kusa da shi kafin Juma'a mai zuwa, limamai kuma a sa mu cikin alƙunut.